Furosesa Ɗaya, Masu Saye Biyar

Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sayen ko albasa a hannun mutumin farko da ta taya ba. Tun ina riƙe mata kwando a tsohuwar kasuwar Gombe na haddace tsarinta. A tambayi wannan, a tambayi na kusa da shi, a tsallaka layi a tambayi wani, sannan a dawo wurin wanda ya fi sauƙi a ce masa ya cika tsada. In ya ƙi ragewa sai ta gyara mayafi ta juya abinta. Ba ta waiwaye. Ni ne mai waiwayen, ita kuma ta dungure mini kai. Kafin mu kai rumfa ta gaba za ka ji ana ƙwala kira, "Hajiya, dawo mana! Kawo kuɗin." Da wannan na tashi, da shi kuma na sayi duk abin da ke cikin shagona, daga almakashi har janareta.

Ni tela ne, shagona yana Bolari, kusa da tasha. Ɗinki nake yi, amma abin da ya fi kawo mini abinci shi ne aikin kwamfuta, wato zanen da inji ke yi da zare a wuyan kaftani ko a ƙirjin riga. Injin nawa tsoho ne, mai kai ɗaya, na hannu na saye shi a Kano. Ba irin na yanzu ba ne da ake soka musu filash mai ɗauke da zane su ci gaba da aiki. Shi sai an haɗa shi da kwamfuta ta waya, ita ke gaya masa inda allura za ta sauka. Kwamfutar tana ƙarƙashin teburi, shekara da shekaru, ban taɓa tunaninta ba sai in ƙafata ta buge ta.

A unguwar Madaki muke zaune, kuma katangarmu ɗaya da gidan wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Mama. 'Yar wajen Kaltungo ce, ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya. Ita ta koya mini karatun boko na farko a tsakar gidanta, da bulalar darbejiya a gefe, kuma har yau in na gan ta sai na ji hannuna ya tafi gyaran hula. A lokacin da nake ba da labari ita ce shugabar zumuntar matan cocinsu.

Shekarar nan ce da Ista da ƙaramar Sallah suka zo kusa da juna, ana azumi cikin zafin da ko inuwa ba ta da amfani. Mama ta shigo shagona da yamma, mai keke na biye da ita da manyan ledoji cike da fararen riguna. Za a yi babban taron mata na coci-coci bayan Ista, a can kudu, kowace zumunta da shigarta. Su tasu farar riga ce, da tambarin zumunta a ƙirji: fitila a tsakiyar zobe, ganye biyu a ƙasa.

Ta zauna a benci tana fifita da gefen zani, ta ce, "Ɗana, bari in gaya maka gaskiya. Matan nan ba kai suka so ba. Babban shagon nan na hanyar GRA suka so, mai injin da ke yin riga da yawa a lokaci guda. Ni na miƙe na ce ɗana zai yi. Wata ma har ta ce yaushe na haifi tela ban gayyace su suna ba."

Na yi dariya, na ce, "Mama, ki bar su. In suka ga aikin, da bakinsu za su ce ki kawo na baɗi."

"Na dai sa bakina," in ji ta. "Shi ke nan abin da na zo gaya maka."

Na fara aiki da wuri, don na san injina. Ba ya gudu. Tambari ɗaya yakan ci lokacin da mutum zai je masallaci ya dawo ya tarar bai gama ba. Na ture kayan Sallah gefe, masu su suna ta zuwa suna yi mini tsiya, ina ba su haƙuri. Na wuce rabi, rigunan da aka gama na jere a rataye, sai wata rana da azahar injin ya tsaya cak, allura a cikin yadi. Na leƙa ƙarƙashin teburi, wani wari ya doki hancina, kamar an ƙona roba. Na kashe, na kunna. Shiru. Na buga gefenta da tafin hannu yadda ake yi wa rediyo. Shiru.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a layin bayanmu, Injiniya muke ce masa. Ya zo da sukudireba, ya buɗe ta, ya ja da baya yana tari. Fankar da ke ciki ta cushe da burbushin zare da auduga, sun dunƙule kamar sheƙar ɓera.

"Oga, yaushe rabonka da buɗe wannan?"

Na ce, "Ana buɗewa ne?"

Ya girgiza kai. Ya ce fankar ta daɗe da mutuwa, zafi ya taru ya ƙona furosesa. Ya ciro ta ya ɗora mini a tafin hannu. Wani ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba. Ya ce ita ce ƙwaƙwalwar, in babu ita sauran duk gwangwani ne. Na ce to a ɗauko wata kwamfutar a haɗa, ai ga su nan birjik a shagonsa. Ya ce ba zai yiwu ba. Mutumin Kano da ya sayar mini da injin ya ɗaure manhajar zanen a jikin allon da ke cikin wannan kwamfutar, wanda furosesa ke zama a kai, in an canza allo ba za ta tashi ba. Na kira lambar mutumin, aka ce ba ta aiki. Abin da ya rage shi ne a samo furosesa irin wannan sak, tsohuwar ƙira, wadda za ta zauna a gurbin.

Ya fita waje ya yi waya, ya dawo ya faɗi kuɗin. Wallahi na ɗauka ban ji daidai ba. Kuɗin da ya faɗa zai saya mini keken ɗinki sabo fil.

Na ce, "Kai Injiniya, ka ji tsoron Allah! Azumi fa ake yi. Wannan ɗan abin? Zinare ne a ciki?"

Bai ji haushi ba, ya saba. Ya ce kamfanoni biyu ne kacal a duniya ke ƙera irin wannan ta kwamfutar teburi, kuma in ɗaya ya yi sanyi, ɗayan sai ya sa kuɗin da ya ga dama, don ya san babu inda za a je. Sababbi sun yi tsada, ga dala ta hau, sai kowa ya rungume tsohuwar kwamfutarsa yana lallaɓawa. Da masu lallaɓawa suka yi yawa, tsofaffin furosesa ma suka zama abin nema. Ya ƙara da cewa, "Oga, ka karɓa yau. Duk inda ka je haka za ka ji."

To wannan maganar ce ta ɓata komai. Wane mai kaya ne a Gombe bai taɓa ce mini "duk inda ka je haka za ka ji" ba? Mai zare ya faɗa, mai man inji ya faɗa, mai tumatir ma ya faɗa wa Inna, ga tumatir jibge a rumfar maƙwabcinsa. Na naɗe matacciyar furosesa a ƙyalle na sa a aljihu, na ce masa zan yi shawara.

Washegari da safe na hau acaɓa na shiga zagaye. Shagon farko a Sabon Layi, na nuna wa mai shagon abin. Ya jujjuya shi, ya ce bari ya duba sito. Ya fita, na hango shi ta gilashi yana waya. Ya dawo ya faɗi kuɗin da ya ɗara na Injiniya kaɗan. Na ce Allah ya ba da kasuwa. Na biyu ma haka, bari ya duba sito, waya, sannan kuɗin da ya ɗara na farko. Na uku a Jekadafari har ruwa ya miƙo mini, ya tuna ana azumi ya mayar, shi ma ya fita da waya a kunne. Kowane shago na shiga, kuɗin sai ya ƙara hawa. A na huɗu na kasa haƙuri, na ce wa mai shagon, "Ku dai haɗa baki kuka yi, ɓarayin zaune!" Ya ce, "Malam, azumi ne ke cin ka, je ka huta." Da ba don mutane ba da ranar an ji mu.

Na dawo wurin Injiniya da la'asar, ƙafata duk ƙura, na ce masa to na yarda, a kawo a kuɗin jiya. Ya fita ya yi waya. Ya daɗe. Da ya dawo bai kalle ni ba, ya ce kuɗin jiya ya tafi da jiya, na yau ya kusa ninkawa.

A nan na yi abin da aka koya mini. Na gyara hula, na juya, na fita ban waiwaya ba. Ina tafe a hankali, kunnena a baya. Na wuce mai faci, na wuce mai sayar da rake, na kai bakin titi. Ba wanda ya kira ni. Na ce a raina, ba komai, wani mai kayan sai ya kwana yake saukowa.

Na ba su kwana, na ƙara musu wani. A tsakani ban zauna ba, na ɗauki riga ɗaya da aka gama na bi shagunan masu inji irin nawa, ko wani zai karɓi ragowar. Kowa kayan Sallah sun kai masa wuya. Har babban shagon hanyar GRA na je, na ajiye girman kai a bakin ƙofa. Mai shagon ya duba tambarin, ya yaba, ya ce in dawo bayan Sallah. Taron su Mama kuwa kafin Sallah ne.

Ina zaune a shago, inji a rufe da zani, sai ga Mama. Ta dubi rigunan da ke rataye, ta dubi tulin da ke ƙasa. Ba ta tambaye ni komai ba, ni na fara zuba. Na gaya mata an ƙona, na gaya mata tsadar, na gaya mata yadda na zagaya gari da yadda nake jira su sauko.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Su wa za su sauko?"

"Masu kayan, Mama."

"In ba su sauko ba fa?"

Na ce ai dole su sauko, haka kasuwa take. Ta juya ta dubi injin. Can ta ce, "Jiya a wurin koyon waƙa an tambaye ni. Na ce an kusa gamawa. Ban saba faɗin abin da ban gani ba, ɗana." Ta miƙe ta tafi. Na ji kunya ƙwarai, irin wadda rabona da ita tun ina zama a tsakar gidanta da littafi.

Na rufe shago na nufi wurin Injiniya. Na ce masa ya bar zancen waya, ya kai ni wurin wanda yake kira. Ya ce ba a haka a sana'arsu, ba a nuna wa mai saye inda ake ɗauko kaya, kamar yadda ni ma ba zan nuna wa kwastoma inda nake sarin zare ba. Na ce ko ya kai ni ko in zauna a bakin shagonsa har a sha ruwa, ina gaya wa duk mai shigowa abin da ke tsakaninmu. Ya dube ni, ya ga da gaske nake, ya ɗauko makullin mashin.

Wani bene ne a bayan babbar kasuwa, ƙasa ana sayar da bokitai. Sama ɗaki ɗaya ne, kwalaye har rufi, fanka na juyawa, wani Alhaji mai furfura a gemu yana zaune a kan darduma da wayoyi biyu a gabansa. Muka gaisa, ya yi wa Injiniya tsiyar ya kawo masa baƙo ba sanarwa. Na ciro ƙyallen na buɗe.

"A'a," in ji Alhaji, "wannan ai ita ce ake rububi a kanta. Guda ɗaya ta rage mini, ta daɗe a kwali ba mai tambaya. Shekaranjiya kawai sai waya ta ɗauka. Daga Bolari a kira, daga Sabon Layi a kira, daga Jekadafari a kira. Mutum biyar a yini ɗaya! Na ce lallai wani abu ya faru a gari."

Na tsaya ina kallonsa. Na ƙirga shagunan da na shiga a raina, na haɗa da na Injiniya.

Na ce, "Alhaji, ni ne."

"Kai ne wanne?"

"Duka biyar ɗin. Ni ne."

Ya dube ni, ya dubi Injiniya, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ɗauki waya ya kira wani yana ba shi labari da Fulatanci, yana nuna ni da haɓa. Sito ɗin da kowane mai shago ke cewa zai duba, ashe wannan ɗakin ne. Duk garin Gombe shaguna ne birjik da allunan talla kala-kala, amma hannu ɗaya ke ba su kaya. Ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taya abu ɗaya, ina ƙara wa kaina kuɗi da ƙafata da kuɗin acaɓata.

Da ya gama dariya na ce to tunda ya ga mai saye ɗaya ne, a koma kuɗin farko. Ya share hawaye ya ce a'a. Ya ce da ya ga kira ya yi yawa ya tuntuɓi wanda ke turo masa kaya daga Legas don a ƙaro, aka gaya masa sabon kuɗi, kuma ko a hakan babu ita a ƙasa. In ya ba ni a kuɗin da, da me zai mayar da gurbinta? Raina ya ɓaci, na ce wannan zalunci ne, na miƙe na nufi ƙofa. Ban yi da niyya ba, jiki ne ya saba.

Ya ce, "Malam tela, zauna. Ni ma wanda nake saye a wurinsa, in na juya ba ya kirana. Shi ma na sama da shi haka. Ba tumatir ba ne, ba ta ruɓewa."

Na dawo na zauna. Ya ɗan rage abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce albarkacin dariyar da na ba shi. Na biya da kuɗin da na ware na kayan Sallar gidana. Matata ta yi magana a kan wannan, kuma tana da gaskiya, amma wannan wani zance ne.

Injiniya ya sa furosesa, ya sa sabuwar fanka, kwamfuta ta tashi kamar ba ita ba. Inji ya ci gaba daga inda allura ta tsaya. Sai dai kwanakin da na zubar ina jiran a kira ni ba su dawo ba. Na yi ta aiki, janareta na ci, amma injin mai kai ɗaya ba ya jin roƙo. In ka matsa masa sai zare ya tsinke ka koma baya.

Ana gobe za su tafi Mama ta zo da yamma. Ta tambaye ni nawa zan iya gamawa kafin motarsu ta tashi da safe, ta ce kuma kada in faɗa mata abin da nake fata, in faɗa mata abin da zai yiwu. Na faɗa mata. Riga uku za su rage. Ta durƙusa a gaban tulin, da ƙyar, don gwiwa na damunta, ta shiga duba 'yan ƙyallayen suna da aka liƙa wa kowace riga. Ta zare tata, ta zare ta 'yarta, ta zare ta ƙanwarta, ta ajiye su gefe.

Na ce, "Haba Mama, ke ce fa shugaba. Ke za ki tsaya a gaba. Bari in yi taki yanzu, a bar ta wata."

"Ta wa?" in ji ta. "Zaɓo mini wadda zan je in gaya wa."

Ta ce in goge ukun haka nan in haɗa da sauran. Da safe na kai kayan bakin coci a keke, mata na ta karɓa suna buɗewa suna yaba fitilar. Ban tsaya ba, na ajiye na juyo.

Bayan Sallah na karɓo rigunan uku na yi musu tambari, na kai mata har gida. Ta yi godiya, ta ba ni ruwa, ta tambayi yara. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Aikin shekarar da ta biyo baya babban shagon hanyar GRA aka kai, wata ce kuma ta kai, don Mama ba ta sake tsayawa shugabanci ba. Ta ce gwiwa ce. Ban tambaya ba.

Yanzu in kwamfuta ta yi tari, Injiniya nake kira, in ya faɗi kuɗi in yi faɗa in biya a ranar. Albasa kuwa har gobe sai na tambayi mutum uku.

A falon Mama akwai babban hoton taron nan, an sa shi a gilashi sama da talabijin. Mata ne jere sahu-sahu, kowacce da fitila a ƙirji, aikin hannuna, ya fito tsaf. A tsakiyar sahun gaba ga Mama a tsaye, ta haɗa hannuwa, da farar riga wadda babu komai a jikinta. Duk Kirsimeti nakan shiga gaishe ta, kuma kujerar da take nuna mini tana fuskantar hoton ne. Nakan ce mata na fi son zama a ƙasa.